Inna Tsaf da Tabon Teburin Gwamna

Shekara talatin da ɗaya Inna Tsaf ta yi tana goge daɓen asibiti, kuma a tsawon shekarun nan babu likitan da ya taka inda ta goge sau biyu kafin ya bushe. Sababbi sukan gwada sau ɗaya. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Tsayawa take ta dafa sandar mopa, ta kalli sawun takalmin, ta kalli mai takalmin, ta sake kallon sawun, har sai mutum ya ji kamar ya ciro takardar digirinsa ya goge wurin da ita. Nas-nas ne suka raɗa mata sunan, domin duk abin da aka tambaye ta, ko ɗakin haihuwa ne ko lafiyar yaranta, amsarta ɗaya ce: "Tsaf."

Da bokiti da mopa ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Marigayin bakanike ne, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa shiga ɗaki kai tsaye daga gareji ba. Akwai kujerarsa a bakin famfo, da sabulunsa, da wani ɗan burushi da aka ware don faratansa kaɗai. Yakan ce wa abokansa shi ne magidanci ɗaya a unguwar da sai an wanke shi ake shigar da shi gida.

Ta san tabo kamar yadda wasu suka san danginsu. Daga nesa za ta gaya maka wannan shayi ne, wannan maganin tari ne, wancan man gashi ne na wanda ya jingina da bango. Tabo ɗaya ne ya taɓa gagarar ta: tawadar da wani akawu ya zubar a teburin ɗakin yankan kati. Shekara goma sha tara tana fama da shi, kuma ranar da aka yi mata bankwana sai da ta leƙa ta harare shi kafin ta fita.

Ritaya ba ta karɓe ta ba. Idan ta shiga layi a banki, kafin a zo kanta kantar ta yi ƙyalli. Idan ta je duba mara lafiya, a kicin ɗinsa za a tsince ta tana kankare murhu. Maƙwabta suka koyi share gida da zarar sun ji sallamarta daga nesa, abin da ya fi komai ɓata mata rai.

'Yarta ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, tarihi ta karanta a jami'a. Shekara uku ke nan tana yawo da takardu ofis-ofis, har takalmi biyu suka mutu a hanya. Sai wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ya kira ta. Suna neman jagora mai kai baƙi tsohon birnin nan na bakin teku, tafiyar awa biyu a mota, wanda Turawan mulkin mallaka suka gina suka zauna. Gwajin na kwana ɗaya ne. Manajar kamfanin da kanta za ta zauna a motar da littafi da biro, da yamma kuma ta ce an ɗauka ko ba a ɗauka ba.

Mako biyu Auta ta yi tana bita a tsakar gida, ta naɗe jarida ta mai da ita lasifika, Inna ce baƙin. Tafiyar a tsare take: tsohon masallacin 'yan kasuwa, sannan cocin matuƙan jirgin ruwa, sannan gidan gwamna, inda babban abin kallo yake. A can akwai teburin da gwamna na ƙarshe ya sa hannu a takardar miƙa mulki. An ce hannunsa ya yi rawa, ya ture kwalbar tawada, kuma tabon yana nan a kan teburin har yau. Shi mutane ke zuwa gani. Sai dai Inna ba ta taɓa jin wannan ɓangaren ba. Kullum takan saurari masallaci da kyau, ta fara gyangyaɗi a ƙofar coci, kafin a kai gidan gwamna ta yi nisa.

Ana gobe tafiya aka ce kujera ɗaya ta rage a motar.

"Ni ce da ita," in ji Inna.

"Inna, aiki ne fa, ba biki ba."

"Na raka ki firamare ranar farko. Na raka ki jami'a, har na wanke musu banɗakin ɗakin kwananku."

"Shi ya sa," in ji Auta. "Har na gama ana nuna ni."

Da ƙyar aka daidaita a kan sharaɗi biyu. Na farko, kada kowa ya san uwa da 'ya ne. Na biyu, Inna ba za ta goge komai ba, ba za ta share komai ba, ba za ta kankare komai ba, daga fita har dawowa.

Da safe Auta ta tare ƙofa ta ce a miƙo jaka. Ta zazzage ta a kan tabarma: tsumma uku, soson ƙarfe, burushi, garin sabulu a ƙulle, da wata 'yar kwalba da aka rubuta wa "maganin tari" amma ƙaurinta na bilic ne.

"Wannan fa?"

"Ko da wani zai yi tari."

Auta ta tattara su duka ta jefa a ɗaki ta ja ƙofa. Ba ta lura ba cewa tabarau ɗin Inna yana naɗe a cikin ɗaya daga tsummokaran, ita ma Innar ba ta tuna ba sai a hanya. Abin da aka bar mata shi ne gorar ruwa, da hankici ɗaya don gumi kawai, da lemun tsami biyu da ɗan gishiri a takarda, saboda mota na tayar mata da zuciya.

Baƙi goma sha biyu ne a motar, har da Inna. Manaja ta zauna gaba, siririyar mace mai agogo babba, ta buɗe littafinta tun kafin direba ya tayar da inji. Inna ta samu kujera kusa da wani tsohon hedimasta wanda ya zo da nasa littafin shi ma, domin tambayoyi. Tagar gefenta tana da shatin goshin wani fasinja na jiya. Inna ta dube shi, ta zauna a kan hannayenta biyu, ta juya kai.

A masallacin Auta ta fara da rawar murya, amma kafin ta kai jimla ta biyar ta daidaita. Ta nuna ginshiƙan katako da 'yan kasuwa suka sauko da su daga jirgi, da rijiyar alwala da ba ta taɓa ƙafewa ba, da hasumiyar da aka gina gajera saboda gwamnan lokacin ya ce kada wani gini ya fi gidansa tsawo. Inna ta shiga ta yi nafila raka'a biyu, ta ce za ta jira a waje ta sha iska.

A waje takalma ne zube a bakin ƙofa, na baƙi da na masu karatu a ciki, kusan ƙafa arba'in, wani a kife, wani ya hau wani. Da mutane suka fito sai suka tarar da su a jere layi huɗu, manya a baya, ƙanana a gaba, baƙaƙe a dama, kowanne ya fuskanci hanya. Kyau kam ya yi kyau, amma babu wanda ya san inda nasa yake. Minti goma aka yi ana sunkuye. Hedimasta, wanda Allah ya ba ƙananan ƙafafu, a layin gaba ya tsinci nasa tsakanin na yara.

Auta ta matso kamar mai duba agogo, ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna."

"Ban goge ba. Ban share ba. Jerawa ba ta cikin sharaɗi."

"Yanzu ta shiga."

Manaja ta rubuta wani abu.

Cocin ya fi wuya. Dogon gini ne mai sanyi, da tagogin gilashi masu launi, da ƙararrawar da aka ciro daga wani jirgi da ya nutse. Auta ta yi bayanin sunayen matuƙan da aka zana a allunan tagulla jikin bango, da yadda matansu ke zuwa su kunna kyandir idan jirgi ya yi jinkiri. Mutane suka yi tsit suna saurare. Inna ma ta so ta saurara, amma kakin kyandir ya daskare a ƙasa tudu-tudu, allunan tagullar sun yi kore, can sama kuma wata saƙar gizo tana lilo a hasken jan gilashi kamar da gayya. Ba ta san sanda ƙafarta ta kai ta gaban wani allo ba. Ba ta taɓa shi ba. Hucin baki kawai ta yi masa, ta ga ko zai amsa.

"Baiwar Allah mai koren mayafi," in ji lasifika, "a matso cikin jama'a."

"To, Malama Jagora," in ji Inna, ta dawo tana riƙe da hannunta na dama da na hagu kamar ta kama ɓarawo.

Da rana aka zauna a benci bakin ruwa, kusa da wasu tsofaffin igwa biyu da suka juya wa teku baki, aka raba burodi da shayi. Hedimasta ya riga ya yi wa Auta tambaya goma sha huɗu, ta amsa goma sha uku, ta ce ɗayar za ta bincika. Ya juyo wajen Inna yana kurɓar shayi.

"Hajiya, yarinyar nan ta sha karatu. Ni na koyar shekara arba'in, na san wanda ya haddace da wanda ya gane."

"Haka ne," in ji Inna.

"Kuma ga kunya, ga ladabi. Ko ma wace ce uwarta, ta yi aiki."

Inna ta cusa burodi a baki don kada magana ta fito. Ta tauna, ta haɗiye, ta ce, "Wataƙila dai ta yi ɗan ƙoƙari." Idonta ya kawo ruwa, ta ce iskar teku ce. Ta hango Manaja ta cika shafi biyu tana gyaɗa kai, ta ce a ranta saura wuri ɗaya, Allah ya raba ta da datti har a gama.

Gidan gwamna bene ne fari a kan tudu, da baranda ta kewaye shi. Wani dattijo mai tarin makullai a ƙugu ya buɗe musu. Auta ta ce za a fara da sama, ɗakin kwanan gwamna da ɗakin karatunsa, sannan a sauko zauren ƙasa a ga abin da ta ɓoye musu tun safe. Matakala arba'in ce. Inna ta dube ta, ta dubi gwiwarta, ta ce ita a nan za ta tsaya.

"Shigo zaure ki zauna, Hajiya, akwai sanyi," in ji Mai Makulli. Ya jawo mata kujerarsa, ya bi baƙi sama don buɗe ɗakuna.

Zauren babba ne, babu kowa. A tsakiya akwai wani dogon tebur na baƙin katako, irin wanda ba a yi yanzu. An kewaye shi da jar igiya a kan sanduna huɗu. A kan teburin kuma, ga tabo nan shimfiɗe, faɗinsa ya kai faranti, shuɗi mai duhu, da 'yan ɗige-ɗige a gefe.

A asibiti abu ɗaya kewayewa take nufi. Idan wani ya yi ɓari a baranda, nas takan jawo kujeru ko ta ɗaura bandeji daga nan zuwa can, kada a taka, sannan a aika a kira Inna Tsaf. Shekara talatin da ɗaya, duk inda ta ga an kewaye, ita ake jira. Don haka da ta ga igiyar nan ba ta yi shakka ba: wani ya yi ɓari, dattijon nan ya kewaye, mai sharar gidan kuma bai zo aiki ba. Akwai wani ɗan kati a jingine a gefe. Ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa, ba tabarau, rubutun kamar tururuwa. Ta ce ai ba zai wuce "a yi hattara" ba.

Ta koma ta zauna a kan hannayenta. Ta ji takun mutane a sama, da muryar Auta tana tashi tana sauka. Nan da ɗan lokaci za su sauko, Auta za ta kawo baƙi goma sha ɗaya da Manaja gaban wannan ƙazanta, a wurin da ta ce shi ne ƙarshen kallo. Manajar da ta rubuta takalma, ai wannan shafi guda za ta ba shi. Alkawari alkawari ne, amma an yi shi ne don aikin Auta, kuma ga aikin Auta nan tabo zai cinye.

Ta ɗaga igiyar ta shiga.

Ta fara shinshinawa, kamar kullum. Ta ɗaure fuska, ta sake shinshinawa. Sannan ta barbaɗa gishiri, ta matse rabin lemun da ta tsotsa a hanya, ta jiƙa hankici da ruwan gora, ta fara daga gefe zuwa tsakiya don kada ya bazu. Minti huɗu. Ta juya hankicin ta bi da busasshen ɓangaren, katako ya fito yana ɗaukar ido. Da ta sunkuya duba ƙasa sai ta ga wani ɗan siririn zirin a jikin ƙafar teburin, daga ƙarƙashin leɓe ya gangaro. Ta ba shi sauran lemun duka. Ko gezau. Tana cikin harararsa ta ji ana saukowa, ta fito ta mayar da igiya, ta zauna ta naɗe hannu kamar wadda ba ta taɓa motsi ba.

Auta ta shigo da baya-baya, fuskarta ga baƙi, kamar yadda ta yi bita. Muryarta ta cika zauren.

"A nan ya zauna. Jama'a sun cika filin waje, jirgi na jiran sa a tasha. Ya ɗauki alƙalami, kuma mutumin da ya yi shekara tara ba wanda ya isa ya dube shi ido cikin ido, sai ga hannunsa yana rawa. Gwiwar hannunsa ta ture kwalbar tawada. Ba a taɓa goge ta ba, ba a taɓa taɓa ta ba. Ga ta."

Ta miƙa hannu baya ba tare da ta juya ba. Mutum goma sha ɗaya suka ɗaga wayoyi, suka leƙa, suka sauke.

"Malama," in ji Hedimasta, "a wane ɓangaren?"

Auta ta juya. Ta daɗe tana kallon teburin. Sannan hancinta ya gaya mata abin da ya faru, domin zauren gwamna ƙamshin lemun tsami yake yi, irin na kicin ɗin gidansu. Ta juyo a hankali ta dubi kujerar da ke bakin ƙofa.

Inna kuwa tun daga "kwalbar tawada" ta gane abin da ta aikata. Mai Makulli ya kutso tsakanin mutane, ya ga teburin, ya nemi bango ya jingina, makullansa suna kaɗawa.

"Wa ya shigo nan?" in ji Manaja. Ba ta ɗaga murya ba, biron kawai ta rufe.

Inna ta miƙe. "Ni ce. Kuma kada a ga laifin yarinyar nan. Ta kwashe mini tsumma uku da soso tun a gida."

"A gida?"

"'Yata ce. Autata."

Hedimasta ya buɗe baki, ya tuna abin da ya faɗa a bakin ruwa, ya rufe.

"Hajiya, kin san abin da kika goge?" in ji Manaja. "Hotonsa ne a bangon takardar tallarmu. Don shi mutane ke hawa motata. Tawadar da ta fi shekara sittin."

"Ranki ya daɗe, na yi kuskure, kuma ban da bakin kare kaina. Amma wannan ba tawada ba ce."

"Inna, don Allah," in ji Auta.

"Bari, Auta. Karatu naki ne, tabo nawa ne." Ta ciro hankicin ta baza shi. "Ku shinshina. Bula ce ta wanki, aka dama da baƙin man takalmi. Kuma bai kai wata guda ba, bai ma gama bushewa a tsakiya ba. Ni na yi shekara goma sha tara ina kokawa da tawada a kan katako. Tawada shiga take ta zauna. Ba ta fita a minti huɗu don ta ga lemun tsami."

Hankicin ya zaga hannu-hannu, kowa ya kai hanci. Hedimasta ya ce lallai irin man da yake sa wa takalminsa ne. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka koma kan Mai Makulli, wanda ya zame ya zauna a kujerar da Inna ta tashi.

"Makona na farko ne a aiki," ya ce, yana kallon ƙasa. "Shekara ashirin da shida ke nan. Aka ce mini gobe manyan baƙi za su zo, kada a ga datti ko ɗigo. Lokacin ba igiya, ba kati. Na ga tebur da tabo. Sabulu ya ƙi, kananzir ya ƙi. Sai na je wajen kafinta na aro takardar nan mai kaushi da suke goge katako."

"Ya fita?" in ji Inna.

"Ya fita, Hajiya. Tas."

"Kafinta," in ji Inna a hankali, kamar wadda aka gaya wa maganin ciwon da ya riga ya kashe mai shi. "Ban taɓa tunanin kafinta ba."

"Da safe na ji jagora yana ce wa baƙin yanzu za ku ga tabon gwamna. Na ce musu makulli ya ɓace. Na rufe ƙofa na haɗa abin da na samu. Tun daga ranar, duk farkon wata sai na sabunta shi, don yana kodewa. Ban taɓa yin hutun da ya wuce sati uku ba."

Auta ta sauke lasifikar. "Baba, shafi goma sha ɗaya na rubuta a jami'a a kan dalilin da ya sa tabon nan yake ƙara faɗi a hotuna. Na ce danshin teku ne."

"Hannuna ne, 'yata. Tsufa."

Wani ya yi dariya a baya, ya mai da ita tari. Manaja ba ta yi ba. Ta rufe littafinta ta sa a hammata, ta dubi agogo, ta ce a fara tafiya mota. Inna ta kalli fuskar Auta, ta ga irin kallon da takan dawo da shi daga ofisoshi, lokacin da za ta ce "sun ce za su kira" ta shige ɗaki. Takalmi biyu, mako biyu na bita, duk a hankici ɗaya.

"Ko aikin ma ban gama ba," in ji Inna, don dai ta ce wani abu. "Akwai na jikin ƙafar nan, ya cinye mini lemu ɗaya da rabi bai motsa ba. Wannan kam tawada ce, na san halinta."

Auta ta tsaya cak. Ta ɗaga igiya ta shiga, ta durƙusa, ta kunna fitilar waya. Zirin yana nan, tsawon ɗan yatsa, ya shige cikin katako ya yi baƙi-baƙi, ya ƙare da ɗan ɗigo inda ya tsaya.

"Baba, ka taɓa goge nan?"

"Ban ma san da shi ba."

Ta miƙe, ta ɗauki lasifikar.

"Jama'a, a dawo. Ɗazu na gaya muku abin da na karanta, yanzu zan gaya muku abin da muka gani tare. Tawadar ta zuba a sama, ta bi leɓen tebur ta gangaro nan. Ta sama ta tafi shekara ashirin da shida da suka wuce, a hannun mutumin da aka ce wa ya yi aikinsa da kyau. Duk wanda ya zo gidan nan tun daga lokacin, bula ya ɗauka a hoto. Ku ne na farko da za ku ga ta gwamna. Sai dai gwamnan ba ya karɓar gaisuwa a tsaye. Sai an durƙusa."

Aka durƙusa. Mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashin tebur, ana karo da kai, ana "matsa in gani". Hedimasta ya kwanta rub da ciki yana auna zirin da biro. Wata mata ta ce a ɗauke ta hoto da Mai Makulli, wani ya ce shi da hankicin yake so. Auta ta sa dattijon ya nuna yadda yake dama bular, ya tashi yana kwatantawa da hannu, har ya fara gyara wa Hedimasta yawan man da ake sawa. Ya ce gobe da kansa zai je ya faɗa wa na sama da shi, ya gaji, Auta ta ce za ta taya shi rubuta takardar. Daga ƙarshe Manaja ma ta tattare siket ta sunkuya, ta daɗe a can ƙasa.

A bakin mota ta tsayar da Auta. Inna ta yi kamar tana gyara mayafi a kusa.

"Takalma sun ci mana minti goma," in ji Manaja. "Kin ɓoye mini cewa mahaifiyarki na cikin mota. Kuma dole in sake hoton bangon takarda." Ta buɗe littafin, ta rufe. "Na ga jagorori da yawa sun haddace labari. Ban taɓa ganin wadda aka goge wa labari a gabanta ta ci gaba ba. Litinin, ƙarfe bakwai. Ke kaɗai."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Ke kaɗai," ta maimaita, tana kallon Inna.

Auta ta shiga mota tana ƙirga baƙi. Manaja ta ɗan jinkirta har suka rage su biyu, sannan ta matso ta rage murya.

"Hajiya, ina da tabon biro a jikin farar kujera, ta yadi."

"Kwana nawa?"

"Wata biyu."

"Kin sa masa ruwan zafi?"

"Na sa."

Inna ta girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare. "Ki ba Auta kwatancen gidan."

A hanyar dawowa ta koma kujerarta ta zauna a kan hannayenta. Shatin goshin nan yana nan a taga, rana ta faɗo masa ta gefe, ya fito sosai. Auta ta zo wucewa, ta tsaya, ta dubi uwar, ta dubi tagar. Ta zaro nata hankicin daga jaka ta ajiye mata a cinya.

"Taki kaɗai, Inna."

"Tawa kaɗai."

Kafin a fita daga birnin ta gama tata, ta ce wa Hedimasta ya ɗan ɗaga, ta gabansu ma ai kusan tata ce.